Oba-oba ta Bakwai

Gwarimpa, Abuja
14 ga Yuni, 2004

Zuwa ga ƙanena Ɗangoggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Ameera da yara. Yaya sanyin Gembu? Mu nan alhamdu lillahi, sai ƙafata ta hagu da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu, ita ma da sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san hannuna ya fi sabawa da ajami, bokon nan da girmana na koye shi.

Aiki yana tafiya. Ko da damina ta sauka, masu gini ba su rage neman ruwa ba. Inda ka bari jeji a bayan gidanmu yanzu benaye ne, tankokin nan huɗu ba sa hutawa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya takarda ta zo daga ofishin da ke ba da lasisin oba-oba, rediyon hannun nan da muke magana da direbobi. Rosemary, sakatariyarmu, ta karanta mini ita sau biyu ta fassara. Sun sauya ƙa'ida ga masu ƙananan oba-oba na kasuwanci irin namu. Da can lasisi adadi kawai yake faɗa, kamfani kaza, guda bakwai. Yanzu kowace ɗaya sai an rubuta lambar da ke bayanta, da sunan wanda ke riƙe da ita, da aikin da yake yi a kamfanin. Wanda ba ma'aikaci ba ba a yarda ya riƙe ba. Bayan haka mai lasisin ya je kotu ya rantse cewa abin da ke cikin fom ɗin gaskiya ne. Za su kuma sauya mana layin da muke magana a kai. Tsohon lasisi zai mutu ranar ƙarshe ta Satumba, wanda bai sabunta ba sai ya kashe nasa. Kai ka fi ni sanin ba za mu iya aiki ba su ba, don har yau salula ba ta kamawa a wajen ɗibar ruwanmu na bayan Dutse.

Na sa aka tara su a kan tebur. Huɗu na tankoki, ɗaya ta ofis, ɗaya ta maigadin rijiya. Shida ke nan. Lasisi kuwa bakwai ya ce.

Kwana biyu kafin rasuwar maigidana Malam, a asibiti, ya ce mini, "Ta bakwai a bar ta inda take." Na ɗauka zafin ciwo ne, na ce masa to. Ban tambayi ta bakwai ɗin me ba. Sai da na ga shidan nan a jere maganar ta dawo mini. Na amsa masa, ga shi ban san abin da na amsa ba.

Na tambayi direbobi, kowa ya ce bai sani ba. Ban da Godfrey, shi ya yi ta kallon takalminsa. Rosemary ta buɗe tsohon littafin fitar da kaya, ta ga kai ne na ƙarshe da ya sa hannu a kanta, cikin watan Maris na shekarar 2000, ba a kuma rubuta dawowarta ba.

Lasisin da sunanka yake tun farko, saboda Malam ba ya karanta Turanci, don haka rantsuwar a kanka za ta faɗa. Ka gaya mini inda take in san abin da zan rubuta.

Ka gaida Ameera, ka ce barkononta yana nan na daka, direban da zai kawo wannan zai kawo shi.

Yayarka,
Lubabatu

Gembu
9 ga Yuli, 2004

Yaya Luba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta yi kwana goma sha tara a hanya, barkonon ma ya iso, Ameera na godiya. Muna lafiya. Ƙaramin ya yi mura ya warke. Ki riƙa gasa ƙafar nan da ruwan ɗumi, na san halinki da ƙin zuwa asibiti.

Layin nan da kika ce ni ne na ƙarshe da ya sa hannu a kanta, sau uku na karanta shi. Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashin Malam, ko ƙusa ban taɓa fita da ita daga wurin nan ba. Ban zaci sai bayan ransa za a buɗe littafi ana neman sunana ba, har da sakatariyar da ba ta san ni ba. Amma ba komai. Tunda an tambaya, ga amsa.

Kina tuna Ishaya, direban tanka ta biyu, wanda birki ya tsinke masa a gangaren Dutse ya rasu? Godfrey ƙanensa ne. Bayan an binne Ishaya, mahaifiyarsu Naomi, mai ginin tukwane a Ushafa, ta roƙi Godfrey ya bar tuƙi, ya ce ba shi da wata sana'ar. Daga nan ta bar yumɓunta, kullum sai ta sauko bakin titi ta zauna tana jiran ta ga tankarsa ta wuce. Wuni guda, cikin rana. Labari ya zo wa Malam. Ranar wata Asabar ya ce in ɗauko oba-oba ɗaya mu je. Ni na sa hannu, shi ya miƙa mata. Ya ce ta koma gida ta ci gaba da aikinta, za ta riƙa jin muryar ɗanta daga nan. Gidanta a gindin dutse yake, yana kama layinmu sosai. Godfrey ke sauya mata batir idan ya je ɗibar farko. Shi ya sa ya yi miki shiru, tsoro yake ji kada a karɓe. Malam kuwa ba ya son a san kyautarsa, kin san shi.

Shawarata mai sauƙi ce. Rosemary ta cike fom ɗin da guda shida, ta rubuta ta bakwai ta ɓace. Ki aiko mini, akwai kotu a nan, zan rantse in mayar miki. Idan an sauya layi, Salisu mai gyara ya hau Ushafa ya juya mata tata a shiru. Ba wani oga da zai bar ofis mai sanyi ya je ƙauye yana leƙa ɗakin tsohuwa. Kin cika wa Malam alkawari, kamfani ya samu takardarsa, kowa ya huta.

Ki yi sauri, ruwa ya fara cin hanyarmu.

Naki,
Ɗangoggo

Gwarimpa
26 ga Yuli, 2004

Ƙanena,

Salamu alaikum. Na ji daɗin warkewar ƙaramin, Allah Ya ƙara lafiya. Ƙafa ina gasawa kamar yadda ka ce.

Ban ce ka ɗauki komai ba. Abin da ke cikin littafi na faɗa maka, don kai kaɗai ka rage wanda zan tambaya. In rubutun ya fito da kaushi, laifin hannuna ne, ka yafe mini. Ni na goye ka lokacin da Goggo take kwance, ba zan tsufa in fara zarginka da ɗaukar ƙarfe ba.

Shekaranjiya Asabar na je Ushafa. Na ce wa Godfrey na san komai, ya kwatanta wa mai tasi gidan, shi ya tafi aikinsa. Na same ta a tsakar gida tana gina randa. Ba ta da injin juyawa, ita ce ke zagaya randar da baya-baya tana jan yumɓun sama. Ta tsufa fiye da yadda na zata, idonta ɗaya ya yi fari. Na yi sallama na faɗi ko ni wace ce. Ta wanke hannu, ta ba ni kujera, ta yi mini gaisuwar Malam kamar jiya ya rasu.

Oba-obar tana cikin wata 'yar tukunya da ta gina mata, mai buɗaɗɗen baki ta gefe, a rataye a jikin mangwaro. Ta ce a ciki muryar ta fi fitowa, ruwa kuma ba ya taɓa ta. Muna zaune sai ga magana, wani yana cewa ya sauke a Lugbe, zai tsaya ya ci abinci.

"Wannan Umar Farouk ne," in ji ta. "Shi kullum yunwa. Ƙarfe goma bai yi ba, yunwa."

Ta san su duka da murya, har sabon da muka ɗauka bayan salla. Ta san wanda ke yi wa Rosemary ƙarya ya ce go-sulo ne. Da Godfrey ya yi magana, hannunta ya tsaya a bakin randar har ya ce oba, alamar ya gama, sannan ta ci gaba.

Na tambaye ta ko tana yi masa magana. Ta ce a'a. "Malam ya nuna mini, ya ce in na danna nan za su ji ni. Shekara huɗu ban danna ba. Mutum yana tuƙi, ba a kiran shi. Amma na san yana nan." Ta nuna mini maɓallin da ɗan yatsa, ba ta taɓa shi ba.

Ta tambaye ni wani abu. Ta ce, "Ina wannan mai cewa a duba birki? Da can kowace safiya sai ya faɗa. Ya daɗe ban ji shi ba." Ina jin kai take nufi, watannin nan da ka yi a ofis kafin ka tafi. Na ce ka samu aiki a nesa.

Da na tashi tafiya ta ce, "Hajiya, kin zo karɓa ne?" Na ce mata ban sani ba tukuna, doka ce ta sauya. Ta ce to. Ta ba ni kasko.

Yanzu maganar fom. Ba zan iya sa a rubuta ta ɓace ba, don na gan ta da idona a jikin mangwaro. Da ban je ba ma, kai ka faɗa mini. Kuma ba zan aiko maka takarda ka ɗora hannu a kan Alƙur'ani ka rantse a kanta ba, ni ina nan na san abin da ke ciki. Zunubin ba naka kaɗai zai zama ba. Rosemary ta ce a rubuta Naomi a matsayin mai shara. Ba ta taɓa share mana ko ƙofa ba. Na yi tunanin in ɗauke ta aiki da gaske, na aika Godfrey ya tambaye ta, ta yi dariya ta ce ita tukwane ne aikinta, a bar ta.

Alkawarin Malam kuma yana wuyana. Ban ga yadda zan haɗa biyun ba tukuna.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka rubuto takardar yarda a mayar da lasisin da sunana. Shekara huɗu rabonka da ganin kayan nan, bai kamata ka rantse a kan abin da ba ka gani ba. Ni da nake ganinsu kullum in ɗauki nauyin.

Yayarka,
Lubabatu

Gwarimpa
30 ga Agusta, 2004

Ɗangoggo,

Salamu alaikum. Ina fata lafiya. Mako biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Na aika tasha sau biyu, an ce motocin Gembu ba sa zuwa yadda suka saba. Ban sani ba ko hanya ce, ko maganar mayar da suna ce ta ɓata maka rai. In ita ce, ka sani ba ture ka nake yi daga abin Malam ba. Rantsuwar kawai nake so in ɗauke maka. Mu nan lafiya, sai maigadin rijiya da maciji ya sara, ya tashi.

Da na ga kwanaki na tafiya, Laraba na ɗauki Rosemary muka je ofishin lasisin da kanmu. Mutane cike, masu otal, masu gadi, masu fasa dutse, kowa da jakar oba-oba yana kwafar lambobi. Sai bayan azahar muka shiga wurin wata mata, Madam Elizabeth. Tana jin Hausa. Rosemary ta yi ta taka mini ƙafa, amma na faɗi komai, tun daga Ishaya har tukunyar.

Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce ƙa'ida ba ta da gurbin uwar direba, ita kuma ba za ta ƙirƙiro shi ba. In na rubuta sunan Naomi za a mayar mini da fom ɗin gaba ɗaya. Na ce na gode, na fara naɗe takarduna. Sai ta ce, "Hajiya, tsohuwar nan tana magana a ciki?" Na ce ba ta taɓa yi ba. Ta ce su abin da ke aika magana suke ƙirgawa. In mai gyara ya kashe wajen aikawar, ya rubuto shaida da lambarta, ta fita daga lissafinsu, sai in nemi lasisin shida.

Na kira Salisu. Ya ce waya ɗaya ce siririya a ƙarƙashin maɓallin, aikin minti goma. Za ta ci gaba da ji, amma ko ta danna ba wanda zai ji ta.

Ban yanke komai ba. Malam cewa ya yi a bar ta inda take, bai ce a bar ta yadda take ba, amma ba na son in riƙa yi wa maganar mamaci wayo. Abin da ya ba ta mai magana ne. Duk da haka ban ga wata hanyar ba.

Ko wannan ma ba zai yiwu ba sai da takardarka. Saura wata ɗaya. In ba ta zo ba, ranar ɗaya ga Oktoba zan sa a kashe duka bakwai ɗin, tata ma a ciki, mu jira.

Yayarka,
Lubabatu

Gembu
11 ga Satumba, 2004

Yaya Luba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, duka. Dutse ya zaftaro ya rufe hanya a kan hawa, mun yi kusan wata mota ba ta sauka. Amma ba zan fake da hanya ba. Takardarki ta Yuli ta iso kafin a rufe, na riƙe ta mako biyu ban amsa ba lokacin da ake iya aikawa. Ta Agusta jiya ta zo.

Ba maganar suna ba ce. Ga takardar yardar nan a ciki, na sa hannu, shugaban wurin aikinmu ya buga hatimi. Tun rasuwar Malam ya kamata in yi haka.

Tambayar Naomi ce ta tsayar da ni. Da na karanta, ina mai cewa a duba birki, sai na ɗauka ta sani, magana ce ta aiko mini ta bakinki.

Safiyar da Ishaya ya rasu ni ke riƙe da oba-obar ofis. Ya kira daga rijiya bayan ya cika tanka, ya ce birki ya yi laushi, yana so a turo makaniki. Akwai wani ɗan kwangila da ke zuba kankare a Gwarimpa, ya zauna mini a ofis tun sassafe yana faɗa. Na ce wa Ishaya ya sauko a hankali ya kai wannan sahun, in ya dawo a duba. Ya ce, "To oga, oba." Ba mu ƙara jin sa ba.

Sauran direbobin sun yi nisa, ba wanda ya ji sai Malam, yana tsaye a bayana. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya rasu. Abin da ya yi kawai, ranar kai oba-obar nan ni ya ce in raka shi, ya sa na tsaya a gabanta tana yi mana godiya. Bayan nan kowace safiya ina faɗa a duba birki, ina kuma sane tana ji. Wata shida na yi, na kasa, na nemi aikin nan. Ke kin ɗauka albashi ne ya kawo ni Gembu.

Shi ya sa da kika ce sunana ne a littafi na yi miki tsalle. Ki yafe mini. Kuma shi ya sa na fi son a rubuta ta ɓace.

A kan yanke wayar, na yarda. Amma kada ki gaya mata. Godfrey ya karɓo ta kamar za a gyara, Salisu ya yanke, a mayar. Shekara huɗu ba ta danna ba, ba za ta taɓa ganewa ba. Me za a ƙara mata da shi? Ki bar ta da abin da ta sani.

Wancan zancen kuma kada ya wuce ke. Ko Ameera ba ta sani ba.

Ƙanenki,
Ɗangoggo

Gwarimpa
4 ga Oktoba, 2004

Ƙanena,

Salamu alaikum wa rahmatullah. Takardarka ta iso ranar ashirin da uku, da ta yardar a ciki. Na gode. Muna lafiya, ruwa ya fara janyewa, ƙafa ma ta lafa. Ana ta shirin azumi.

Na karanta abin da ka rubuta. Ba ni da abin da zan ce a kai wanda ba ka faɗa wa kanka ba a shekara huɗun nan. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe mana. Ban gaya wa kowa ba, ba zan kuma gaya ba, don ba nawa ba ne. Amma a ganina Naomi ba ta san komai ba. Tambayar wanda ta saba ji kawai ta yi.

Shawararka ta biyu ban bi ba, ka yi haƙuri. Na yi ta tunanin ranar da za ta faɗi a tsakar gidan nan, ko wuta ta kama wajen gasa tukwane, ta rarrafa ta danna tana kira, tana jira a amsa. Wanda ya san ba shi da abin kira zai ƙwala wa maƙwabci kira. Ba zan bar ta tana dogara da abin da na san na kashe ba.

Litinin ta makon jiya da safe muka je da Salisu. Randar nan ta gama ta, har an gasa. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce ko dai in karɓe ta gaba ɗaya, ko a bar mata ji a ɗauke magana, ba na uku. Na ce Malam ya bar mini amanarta, iyakar abin da na iya ke nan.

Ta kalli tukunyar. Ta ce, "Gwamnati ya san da ni?" Na ce wata mata ɗaya a ofis ta sani. Ta ce, "To ki gaishe shi." Salisu ya juya baya yana dariya.

Ya shimfiɗa tsumma a kan turmi ya fito da sukudireba. Sai ta ce ya dakata. Ta tambaye ni ko yau an hana dannawa. Na ce tsohuwar takarda tana da rai har Alhamis, kuma ita ba ta faɗi sunan kowa ba. Ta ce, "Godfrey yana tuƙi?" Mun jira. Can ya kira ofis ya ce ya cika a rijiya, zai kama hanya. Ta ce, "Yanzu yana tsaye."

Ta goge hannunta da zane, ta ɗauko ta da hannu biyu. Ta danna. Ta ce, "Godfrey, ni ne. Ka duba birki."

Ba a amsa ba. Ta matsa ta kusa da kunne, shiru. Salisu ne ya lura, ya ce, "Mama, saki maɓallin. In kina riƙe ba za ki ji su ba." Ta saki.

Muryar Godfrey ta fito, ba kamar yadda na saba jin ta ba. Ya ce, "Mama? Na duba, Mama. Yana da kyau. Oba." Bayansa Umar Farouk ya shigo daga wajen Kubwa, ya ce, "Tanka ta ɗaya, ni ma na duba, Mama." Ta uku ta faɗa. Sabon yaron nan na ta huɗu ya ce shi bai duba ba, amma ga shi ya tsaya gefen titi zai duba.

Ta miƙa wa Salisu ta ce, "Yanke."

Minti goma ɗin ne kamar yadda ya faɗa. Ya saka mata sabon layi a lamba ta biyu, ya nuna mata guntun wayar, ta karɓa ta ƙulle a bakin zanenta. Ta mayar da oba-obar cikin tukunya da kanta.

Talata na je kotu na rantse a kan shida, da takardar Salisu a haɗe. Laraba muka kai ofis, Madam Elizabeth ta karɓa, na kuma isar mata da gaisuwar. Juma'a muka koma sabon layi. Godfrey ya ce ya murɗa mata lambar, tana ji sarai. Na ce masa ya yi magana da maƙwabciyarta ta riƙa leƙa ta safe da yamma.

Na sa Rosemary ta riƙa faɗin a duba birki kowace safiya kafin tankoki su fita. Jiya Naomi ta aiko Godfrey ya gaya mini wai Rosemary sauri take yi kamar mai karanta sanarwa, wancan na da ya fi faɗa kamar da gaske yake. Ta ce in ka zo salla ka biya, ta ajiye maka tulu.

Ban amsa mata a madadinka ba. Ka rubuto mini abin da zan ce.

Ka gaida Ameera da yara.

Yayarka,
Lubabatu